Zango Ɗaya A Jami'ar Waje: A Gama Ciniki Tun Daga Gida

Daga Wakilinmu na Abuja

Akwai wata hanya ta neman ilmi wadda jami'o'in ƙasashen duniya suka daɗe da sabawa da ita, amma har yanzu ba ta zama ruwan dare a ƙasar nan ba, watau musayar ɗalibai. Yadda abin yake shi ne, ɗalibi yana tsakiyar karatunsa na digiri a jami'arsa ta gida, sai a tura shi wata jami'a a wata ƙasa ya yi zango ɗaya na karatu, wata huɗu ko biyar, ya zauna aji tare da 'yan ƙasar, ya rubuta jarrabawarsu, sa'an nan ya komo gida ya ƙarasa. Sakamakon da ya samo a can sai a zuba shi cikin na gida, kamar dai bai taɓa ɗagawa ba. Digirin da zai karɓa a ƙarshe kuwa na jami'arsa ta gida ne.

Cikin dukkan ɗalibai, babu waɗanda wannan tafiya ta fi dacewa da su kamar masu koyon harkokin kasuwanci, da aikin akanta, da aikin banki, domin kuwa kasuwa ba ta san iyakar ƙasa ba. Cikin garuruwan ƙasar nan kuma babu inda ƙofofin tafiyar suka taru wuri ɗaya kamar Abuja, inda ofisoshin jakadanci suke, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, da Babban Bankin Nijeriya.

To, amma jama'a masu karatu, ba kowace tafiya ce ke zama riba ba. Ana iya a sayar da fili a tura yaro Turai, ya dawo da hotunan dusar ƙanƙara, a wayi gari jami'arsa ta ce darussan da ya yi a can ba su cikin lissafinta, sai ya sake zangon. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje wannan al'amari a faifai, domin iyaye da ɗalibai su san inda riba take da inda faɗuwa take.

TAFARKIN FATAKE

Bahaushe ba baƙo ba ne ga koyon ciniki a ƙasar wasu. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina da kanwa da fatu da rinannun tufafi, su nausa Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yanzu, su sayo goro a kasuwar Salaga. Tafiyar takan ci watanni. Yaron da aka haɗa da madugu yakan dawo ya san kuɗin fito, ya san yadda ake magana da sarkin da ba ya jin harshensa, ya san mudun wani gari ba ɗaya yake da na garinsu ba. Wurin da ayari ke sauka a huta a yi ciniki shi ake kira zango, kalmar da ɗalibanmu suke amfani da ita yau ga rabin shekarar karatu.

Marigayi Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, ta wannan makaranta ya bi. Yana saurayi ya je Gwanja da Ankara, ya koyi fataucin goro, har ya riƙa ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, watau Legas, maimakon bin doguwar hanyar ƙasa. Abin da ya gano a waje shi ya dawo da shi gida ya kafa kasuwancin da ya bunƙasa zamanin gyaɗa. Tattaɓa-kunnensa, Alhaji Aliko Ɗangote, ya yi karatun kasuwanci a Jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira kafin ya soma nasa cinikin a 1977. Alhaji Abdulsamad Rabi'u kuma ya yi karatun tattalin arziki a Jihar Ohayo ta Amurka, ya dawo ya riƙe harkokin gidansu, sa'an nan ya kafa kamfanin BUA a 1988. Waɗannan biyu dogon karatu suka yi a waje, ba zango ɗaya ba, amma darasin guda ne: an fita ne domin a dawo da abin da za a juya a gida.

Abin lura a nan shi ne, farke ba ya ɗaura wa jaki kaya sai ya san wa zai saukar da shi a can, wane dillali zai tsaya masa, da abin da zai sayo da kuɗin. Ɗalibin da zai fita musaya ma haka ya kamata ya yi.

DA CAN MUN TAƁA YI

Dattawan malamai ba za su manta ba, akwai lokacin da jami'o'in ƙasar nan suke tura ɗalibansu masu koyon Faransanci su yi shekara guda a ƙasar da ake magana da harshen, masu koyon Larabci su ma a tura su ƙasashen Larabawa, kuma wannan shekara tana cikin sharuɗɗan digiri. Abin ya yiwu ne saboda a farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja a farashin gwamnati.

Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka saki naira ta soma gangarowa, sai jami'o'i suka kasa ɗaukar nauyin tafiyar. Mafitar da aka samo ita ce a kawo wajen cikin gida: a 1991 aka kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagiri ta Jihar Legas, ba da jimawa ba kuma aka kafa na Larabci a Ngala ta Jihar Borno. Wannan tarihi yana nuna mana cewa tun asali abin da ke buɗe ƙofar karatun waje ko ya rufe ta a ƙasar nan shi ne ƙarfin naira, kuma har gobe haka abin yake.

ƘOFOFIN DA KE ABUJA

Babban Birnin Tarayya yana da jami'o'i da dama da ke koyar da fannonin kasuwanci. Akwai Jami'ar Abuja ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1988 ta soma karatu a Gwagwalada a 1990, wadda kuma a watan Disamba na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar sa mata sunan Janar Yakubu Gowon. Akwai Jami'ar Veritas da ke Bwari, da Jami'ar Nile da aka kafa a 2009, da Jami'ar Baze da ta buɗe a 2011. Ita Nile, a 2020 ta shiga ƙungiyar makarantu masu zaman kansu ta Honoris, wadda ke da makarantu a Tunisiya da Maroko da Afirka ta Kudu da tsibirin Morishas.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya gane shi ne, musaya yarjejeniya ce tsakanin jami'a da jami'a. Ɗalibi ba ya ƙulla ta da kansa, wani ɗan kwangilar biza da ke da shago a Wuse ma ba ya ƙulla masa ita. Saboda haka tambayar farko ana yin ta ne a cikin makaranta, a ofishin da ke kula da hulɗa da ƙasashen waje ko wurin shugaban sashe: da waɗanne jami'o'i muke da yarjejeniya a rubuce, kuma ta haɗa da ɗaliban kasuwanci ko kuwa ta malamai ce kaɗai?

Shiri mafi girma a duniya na irin wannan musaya shi ne na Tarayyar Turai, wanda aka soma a 1987 da sunan Erasmus, sunan wani shehin malami ɗan ƙasar Holan da ya yi yawon neman ilmi a Turai shekaru ɗari biyar da suka wuce. A 2014 aka faɗaɗa shi ya koma Erasmus+, daga 2015 kuma aka buɗe shi ga jami'o'in wasu nahiyoyi, har da Afirka. Tarayyar tana da ofishin wakilcinta a nan Abuja, amma ba can ake kai takardar neman gurbin musaya ba. Jami'ar Turai ce ke neman kuɗin, ta ambaci jami'ar Afirka da take ƙawance da ita, ita kuma jami'ar gida ta zaɓi ɗaliban da za su tafi. Wanda aka zaɓa yakan yi daga wata 2 zuwa wata 12, ba ya biyan kuɗin makaranta a can, ana taimaka masa da kuɗin jirgi, kuma a tsarin 2021 zuwa 2027 ana ba shi yuro 800 zuwa 900 a wata, gwargwadon tsadar ƙasar da ya je.

Kada a haɗa wannan da Erasmus Mundus, wanda 'yan Nijeriya da yawa suke samu. Shi wancan tallafi ne na digiri na biyu gaba ɗayansa, kuma mutum da kansa yake nema bayan ya gama digirin farko.

INDA GIZO KE SAƘAR

Babbar matsalar musaya ita ce ta mudu. Jami'o'in ƙasar nan suna auna darasi da abin da ɗalibai ke kira yunit. Yunit ɗaya shi ne lacca ta awa ɗaya a mako har tsawon zango, ɗalibi kan ɗauki daga 15 zuwa 24 a zango, kuma yana bukatar aƙalla 120 kafin ya sami digiri na shekara huɗu. Turawa kuwa nasu mudun dabam ne. Suna ƙirga dukkan wahalar ɗalibi, da zaman aji da karatun ɗaki da rubutun aikin gida, su ce maki 60 ne shekara, 30 ne zango, kowane maki ɗaya yana daidai da aikin awa 25 zuwa 30. Ke nan darasin da aka rubuta masa 6 a Jamus ba shi ne yunit 6 a Gwagwalada ba. Dole wani ya zauna ya daidaita mudun biyu.

Maganin wannan ita ce takardar da ake kira yarjejeniyar karatu. A cikinta ake jera darussan da ɗalibi zai ɗauka a can, a gefe guda kuma a jera darussan gida da za su maye gurbinsu, sa'an nan mutum uku su sa hannu: ɗalibin, da jami'arsa, da jami'ar da za ta karɓe shi. Ana yin haka ne kafin a sayi tikiti. In an isa can aka tarar wani darasi ya cika, ko kuwa da harshen ƙasar ake koyar da shi ba da Ingilishi ba, sai a rubuto gida a gyara takardar a sake sa hannu. Alkawarin baki na malami, komai kirkinsa, ba ya wadatarwa, domin shugaban sashe yana iya sauyawa kafin ɗalibi ya dawo, kuma majalisar malaman jami'a takarda take dubawa.

Ɗalibin akanta ya kamata ya ƙara kula. Darussa irin su dokar haraji da dokar kamfanoni na Nijeriya ba za a same su a wata ƙasa ba, kuma su ne ƙungiyoyin akantoci irin su ICAN da ANAN suke dubawa. Hikima ita ce a zaɓi zangon da irin waɗannan darussa ba su yi yawa a cikinsa ba, galibi a shekara ta uku, kafin a shiga hidimar rubuta kundin kammala karatu.

Matsala ta biyu ita ce ta kalanda. Mafi yawan jami'o'in Turai suna buɗe zangon farko a Satumba ko Oktoba, na biyu kuma wajen Fabrairu zuwa Afrilu, kuma sukan nemi sunayen baƙin ɗalibai watanni kafin nan. Jami'o'in gwamnati a ƙasar nan kuwa sun sha fama da yajin aiki. A 2020 ƙungiyar malamai ta ASUU ta yi wata tara tana yaji, daga Maris zuwa Disamba, a 2022 kuma ta yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Jami'ar da ba ta iya faɗin ranar da za ta yi jarrabawa ba, da wuya ta yi wa wata jami'a alkawarin ranar da ɗalibinta zai iso. Ta nan ne jami'o'i masu zaman kansu suka yi wa na gwamnati fintinkau, abin da ya sa ɗan talaka mai hazaƙa, wanda shi ya fi bukatar tallafin, shi ne ya fi nisa da ƙofar.

Asarar zango ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai gama da 'yan ajinsa ba zai makara wajen tafiya bautar ƙasa, ga shi kuma bankuna da manyan kamfanoni da yawa sukan sa iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata.

LISSAFIN KUƊI

Ɗalibin kasuwanci ai ba a koya masa gudun lissafi ba, to bari mu yi shi. Ƙasar Jamus, wadda yawancin jami'o'in gwamnatinta ba su karɓar kuɗin karatu, ta ƙayyade tun daga Satumba 2024 cewa baƙon ɗalibi sai ya nuna yana da yuro 992 na kowane wata kafin a ba shi biza, in ba wani tallafi yake da shi ba. Wata biyar ya kama yuro 4,960.

A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, yuro kuma wajen naira 500, wannan kuɗi bai kai naira miliyan biyu da rabi ba. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, a Fabrairu 2024 dala ta haye naira 1,500. In aka yi lissafi a kan naira 1,700 kowane yuro, irin farashin da aka riƙa gani a 2024 da 2025, kuɗin ya zama naira miliyan takwas da dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yuli 2024, sai ya tara albashinsa na shekara goma cur bai taɓa ko kwabo ba. Wannan fa ban da kuɗin jirgi, da na biza, da inshorar lafiya, da rigunan sanyi, da kuɗin ajiya da mai gidan haya zai nema. Kuma ɗalibin musaya yana ci gaba da biyan kuɗin makarantarsa ta gida.

'Yan canjin Zone 4 a Wuse da na Wapa a Kano sun fi kowa sanin cewa farashin safe ba shi ne na yamma ba. A 2024 wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila sun kasa cika kuɗin makaranta saboda nairar da suka tanada ta narke a hannunsu, har aka dakatar da karatun wasunsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda zai tafi da kuɗin gida, ya canja su gaba ɗaya kafin ya tashi, ya kuma bar rara. Wanda zai tafi da tallafi, ya riƙe guzurin wata guda a aljihu, domin kuɗin tallafi sau da yawa ba ya fitowa sai an isa an buɗe asusun banki.

Batun biza ma yana da nasa sharaɗi. Bizar ziyara ta ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar Shengen kwana 90 ce kawai, zango kuwa ya fi haka, saboda haka bizar dogon zama ta ƙasar da za a je ake nema, wasu ƙasashen kuma sai an je Legas. Ingila tana barin mai bizar ziyara ya yi karatun da bai wuce wata shida ba a makarantar da aka amince da ita, amma ba ta yarda ya yi aiki ba. Dokokin nan suna sauyawa ba zato, kamar yadda Amurka ta taƙaita wa'adin yawancin bizar 'yan Nijeriya zuwa wata uku a Yuli 2025. A nemi bayani daga ofishin jakadancin kansa, a kuma soma da wuri.

ABIN DA AKE SAMOWA

Mai karatu zai ce, to in wahalar ta kai haka, mene ne ribar? Hausawa sun ce gani ya kori ji. A makarantun kasuwanci na waje an fi koyarwa ta hanyar ba ɗalibai labarin wani kamfani na gaske da ya shiga matsala, a ce su kawo mafita su kare ta a gaban aji. Ana raba su rukuni-rukuni, ɗan Abuja ya sami kansa tare da ɗan Sin da 'yar Sifen da ɗan Turkiyya, aiki ɗaya, maki ɗaya. A nan zai koyi yadda ake musu da malami ba tare da rashin kunya ba, da yadda ake cika alkawarin lokaci, da kuma cewa kwafar rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne da ke iya jawo kora.

Bayan aji kuma akwai karatun titi. Zai ga yadda ƙaramin mai shago yake rubuta kowane ciniki domin haraji, da yadda ake sa wa kaya lamba a san gonar da suka fito. Ɗan ƙasar da ke fitar da riɗi da zoɓo da citta da fata, in ya shiga kantin Turai ya ga nawa ake sayar da ƙaramin ƙunshin abin da ake auna wa manominmu a buhu, ya kuma binciki ƙa'idojin tsabta da ke sa a karɓi kaya ko a mayar da su, lalle ya samo ilmin da zai ci da shi har tsufa. Abokan da ya yi kuwa, bayan shekara goma su ne za su zama manajoji a ƙasashensu.

Akwai kuma ɗacin abin, wanda bai kamata a ɓoye ba: sanyi, da kaɗaici, da neman abincin halal da masallacin Juma'a, da azumi mai dogon yini in Ramadan ya faɗo a bazararsu. Iyayen 'ya'ya mata suna da haƙƙin su san inda 'yarsu za ta kwana da wanda ke da alhakinta a makarantar, kuma duk jami'ar kirki za ta ba da amsar wannan a rubuce. Abin da ya sami ɗalibanmu a Yukren a 2022 da Sudan a 2023, lokacin da yaƙi ya ritsa da su sai da aka kwaso su, ya isa ya sa duk wanda ya sauka wata ƙasa ya kai sunansa ofishin jakadancin Nijeriya.

MAƘWABTA MA WAJE NE

Da an ce karatun waje sai hankali ya tafi Landan ko Faris. Amma ɗalibin kasuwanci ya tambayi kansa, da wa zai yi ciniki in ya gama? Ƙasashe huɗu da muke iyaka da su ta ƙasa, watau Binin da Nijar da Cadi da Kamaru, duk da Faransanci ake harkar banki da kwastan a cikinsu, duk da sefa suke ciniki, wadda aka ɗaure da yuro a kan kimanin sefa 656, kuma duk suna bin dokar kasuwanci guda ta OHADA, wadda ƙasashe 17 suka haɗu a kanta tun daga yarjejeniyar 1993. Ɗaliban kasuwanci nawa ne a ƙasar nan suka taɓa jin sunanta? Alhali kuwa kullum motocin kaya suna ƙetarawa ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Illela zuwa Ƙonni.

Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a birnin Yamai a Yuli 2019, aka kuma buɗe cinikin a Janairu 2021, sakatariyarta tana Ankara. Bankin Afreximbank mai tallafa wa cinikin nahiyar a nan Abuja aka kafa shi a 1993. Hedkwatar ƙungiyar ECOWAS ma a nan take, kuma tun 1979 ƙungiyar ta yarda ɗan ƙasashenta ya shiga ƙasar ɗan'uwansa ba biza har kwana 90, in zai wuce haka ya nemi takardar zama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, abin da shi kansa darasi ne ga mai koyon ciniki kan yadda siyasa ke taɓa kasuwa.

Zango ɗaya a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Gana da ke Legon, ko makarantar CESAG ta Dakar, ko jami'o'in Yamai da Maraɗi, ba zai ci kuɗin da Turai za ta ci ba. Bahaushe kuma yana da gata a wannan hanya, domin zai tarar da masu jin harshensa a kasuwa da zango tun daga Yamai har Kumasi. Sai dai a yi hattara. A Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya sami digiri a Kwatano cikin mako shida. Musaya ta gaskiya ba ta da haɗi da irin wannan cuwa-cuwa, domin ta hannun jami'ar gida take bi, kuma da jami'ar da hukumar ƙasarta ta amince da ita ake yin ta.

KIRA GA HUKUMA DA ƊALIBAI

A Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja wanda ya tsayar da kashi 70 cikin ɗari na darussa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Wannan kashi 30 fili ne da tsangayoyin kasuwanci za su iya ware zango guda a cikinsa domin musaya. Abin da ya rage shi ne hukumar ta fito da ƙa'ida guda bayyananniya ta daidaita yunit da makin waje, yadda ɗalibi ba zai dogara da ra'ayin malami ɗaya ba. Jami'o'i kuma su riƙa manna sanarwar gurabe a fili, a yi zaɓe bisa cancanta, kada abin ya zama na 'ya'yan wane da wane. Attajiranmu da bankuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna da rawar takawa, domin ɗaukar nauyin ɗalibi goma su yi zango a Dakar ko Ankara bai kai kuɗin motar alfarma ɗaya ba.

Ga ɗalibai kuma, wannan tafiya amana ce. A zamanin fatauci, fatoma ne ke tsaya wa baƙon farke a ba shi kaya bashi, in baƙon ya gudu, to ya toshe wa duk 'yan garinsu hanya. Haka jami'a take tsaya wa ɗalibinta. Wanda aka tura zango ɗaya ya sulale ya ɓace, ya sa an ƙi na bayansa biza, wataƙila ma a soke yarjejeniyar ɗungum, wake ɗaya ya ɓata gari ke nan. Wanda ya sami dama ya tafi da takardarsa a hannu da lissafinsa a kammale, ya yi abin da ya kai shi, ya dawo ya ba 'yan ajinsa labarin abin da ya gano.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, amin.